Baffa da Igiyar Burtali

Ranar Talata da hantsi Baffa ya cika, ana tsakiyar damina, gero ya kai ƙugu. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa mun dawo. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka zaunar da ni a bakin zaure, don ni ne namijin da ya rage a gidan. Kwana bakwai ina miƙa hannu ina amsa “ya haƙuri”, har kafaɗata ta yi tsami.

Mutane sun zo, ba laifi. Na Gafasa sun zo a ƙafa, na Balan a kan jakuna, har wani tsoho mai sayar da igiyoyi a kasuwar Kademi ya turo kekensa cikin taɓo ya zo. Liman ya ce shekara talatin bai taɓa juyowa bayan sallama ya rasa Baffa a sahun farko ba. Gwaggo, ƙanwar Baffa, wadda ta taɓa yin shekara biyu ba ta yi masa magana, ita ta fi kowa kuka. Ana ba ta baki tana cewa, “Yanzu wa zai riƙa ɓata mini rai?”

Sai dai akwai wata jela da kusan kowa ke ɗaura wa yabon nasa. Mutum zai shafa addu'a, ya gyara zama, ya rage murya ya ce, “Allah ya jiƙan tsoho, mutumin kirki ne. Tsufa ne dai ba shi da daɗi, a ƙarshe kansa ya ɗan juye.” Maƙwabcin gonata, wanda burtali ne ya raba gonarsa da tawa, shi ko muryar bai rage ba. Ya ce, “Kun tuna shekarar awo? Yau ya ce fari, gobe ya ce baƙi. Allah dai ya sa mu gama lafiya.”

Na ce masa, “Amin, Allah ya ba da lada.”

Kan Baffa bai taɓa juyewa ba. Duk cikin mazajen da suka zauna a ƙofar gidan nan ni kaɗai na san haka, kuma shi ya sa nake wannan rubutu da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci. Na ɗauki maganar shekara biyar, na gaji.

Baffa yayan mahaifina ne. Ina ɗan shekara bakwai mahaifina ya rasu, mahaifiyata ta yi aure wajen Ajingi, shi kuma ya ɗauko ni ya kawo wa matarsa, Inna. 'Ya'yansu biyu ne, duk mata, kuma tuni an kai su ɗakunansu. Ranar da na zo bai ce mini sannu ba, bai shafa kaina ba. Amma da aka kawo tuwo, sai na ga ɗan naman da ke cikin miyar yana matsowa gefena, shi kuma yana kallon wani wuri daban kamar ba shi ba. Haka ya riƙa yi har na yi gemu.

Gajere ne, mai faɗin ƙafa, dugadugansa duk faso. Doguwar gaisuwa ba ta cikin abin da yake so. In mutum ya kai ga tambayar lafiyar awaki, sai Baffa ya ce, “Su ma sun ce a gaishe ka, me ke tafe da kai?” A kan goro kuwa hannun jarirai ne. Ƙwaya ɗaya yake fasawa gida huɗu, ya ba baƙo kashi ɗaya, ya tsaya yana jiran godiya. Inna takan ce in da goro ake shiga Aljanna, da maigidanta ya sha tsayuwa a ƙofa. Ba shi da sarauta, ba malami ba ne, rumbunsa bai fi na kowa ba. Abin da yake da shi igiya ce.

Ƙauyenmu yana tsakanin tudun da Fulani ke kafa rugage da tafkin da shanu ke shan ruwa. Hanyar da shanun ke bi ta ratsa gonakinmu, ita ce burtali. Tun zamanin kakanni manoma da makiyaya suka yarda faɗinta gaba goma sha biyu ne, wato buɗin hannu biyu na babban mutum sau goma sha biyu, aka dasa gamba a gefe da gefe. Aka tufka igiya daidai wannan tsawo aka ba kakanmu, shi ya bar wa Baffa. In ta tsufa sai a shimfiɗa ta a ƙasa, a tufka sabuwa a gefenta, a yanke daidai da daidai.

Duk shekara da shamuwa ta dawo, kafin kowa ya kai iri gona, Baffa zai rataya igiyar nan ya bi burtali daga tudu har tafki yana aunawa. Ba mai biyansa ko anini, sai dai zagi. In ya ga gamba ta yi tafiya, sai ya ce wa mai gonar, “Gambarka ta yi ƙafa, mayar da ita gida.” Yana da wata magana da har yara suka haddace: “Burtali maraya ne. Gona tana da mai ita, saniya tana da mai ita, shi ba shi da kowa, shi ya sa kowa ke gutsurarsa.”

Faɗansa da Gwaggo a kan haka ne. Bayan mijinta ya rasu, ta shuka layin kuɓewa ɗaya tal a wajen gamba. Baffa ya zo ya auna, ya sunkuya ya fara tugewa. Ta taho da gudu, zane a hannu.

“Yaya, ni ce fa! Ciki ɗaya!”

“Saniya ba ta san ciki ɗaya muka fito ba,” in ji shi, bai ko ɗago ba.

Shekara biyu in ta hango shi sai ta canja hanya. Shi kuma duk kaka sai ya aika mata da damin gero ba tare da ko gaisuwa ba, ta karɓa ta sa a rumbu, ta ci gaba da fushinta.

Yana da aboki guda, wani Bafulatani dogo siriri da muke kira Baffan Ruga. Bayan an gama girbi yakan sauke shanunsa a gonar Baffa su ci kara su bar mana taki. Saniyar Baffa ɗaya tilo ma a garkensa take. Su biyun sukan zauna a gindin tsamiya da ƙwaryar fura a tsakani, ba abin da suke yi sai tsiya.

“Kaɗo, har yanzu kana tonon ƙasa kamar gafiya?”

“Gara ni. Kai saniya ce ke gaya maka inda za ka kwana.”

Haka za su yini. Amma in rigima ta taso tsakanin manomi da makiyayi, Baffan Ruga ba ya cewa a je Gaya gaban alƙali. Cewa yake, “A kira mini Kaɗona da igiyarsa.” Kuma duk abin da igiyar ta nuna, ko shi ta kayar, ya karɓa.

Sai shekarun gyaɗa suka zo. Wanda bai ga lokacin ba ba zai gane ba. Kowa ya haukace da gyaɗa, har bayan ɗaki ake shukawa. Na yi aure, Baffa ya yanka mini gonar da ke bakin burtali ya ce tawa ce. A daidai lokacin kuma yanar ido ta fara rufe masa gani. Damina biyu a jere bai iya zagayen awo ba, ya zauna a zaure yana tambayar masu wucewa ko shamuwa ta iso.

A damina ta biyun na tone gambar gefena bayan ruwan farko, na matsar da ita cikin burtali, na samu kunya biyu tun daga kan gonar har ƙarshenta. Gamba ba ta da wuyar kamawa, kafin wata guda ta yi kore shar kamar a nan aka haife ta. Kada wani ya nema mini uzuri. Ba yunwa ce ta sa ni ba, rumbuna da hatsi. Keke nake so.

Da rani Baffa ya sa hannu ya shafa igiyarsa a inda take rataye, ya ji gara ta ci ta. Ya kira ni.

“Ɗan nan, hannuna yana rawa, idona ba ya gani. Jiƙa rama ka tufka mana sabuwa. Ka shimfiɗa tsohuwar ka gwada, kada ka yi da ka.”

Na jiƙa rama, na ɓare, na yi kwana uku ina tufka a bayan gida. Na shimfiɗa su biyu a ƙasa, tsohuwa da sabuwa. Na daɗe a tsugune da wuƙa a hannu. Na san in ya warke ko ya sa wani ya auna, gonata za a fara kamawa, kuma ni ne ɗan gidan mai igiya. Sai na ja baya gaba ɗaya cif na yanke. Tsohuwar na cusa ta a murhu. Sabuwar na naɗe ta da kaina na kai masa, ya murza ta a yatsu ya ce, “Kai, hannunka ya fi nawa tufka.” Ya sa na rataye ta a inda tsohuwar take.

Shekarar da aka canja kuɗi aka koma naira, ruwa ya yi rowa. Tafkuna suka ƙafe, namu ne kawai ya rage da ɗan ruwa, sai garkuna suka yi yawa a burtali. Wata safiya shanun Baffan Ruga suka iso daidai gonata, inda hanya ta tsuke, na baya suka turo na gaba, suka ɓalle cikin geron maƙwabcina. A shekarar da kowane kan gero ake lallashinsa, suka tattake masa kusan rabin gona. Maƙwabcin ya yi kururuwa har aka ji a cikin gari. Kafin rana ta take, maigari da rabin ƙauye suna tsaye a burtali.

Baffan Ruga bai yi musun ɓarna ba. Ya ce, “Ranka ya daɗe, shanuna sun shiga. Amma shekara arba'in suna bin nan ba su taɓa shiga ba. Hanyar ce ta ragu. A kira mini Kaɗona da igiyarsa, abin da ta ce na yarda.”

Ni aka aika in taho da shi. Na riƙe masa kan sanda a hannu ɗaya, igiyar a ɗaya hannun. Ya tsuguna a gefena na burtali, ya lalubi gindin gamba, ya danna bakin igiyar da babban yatsa. Ɗan aiken maigari ya ja ɗaya bakin ya tsallaka.

“Ta kai?” in ji Baffa.

“Ta kai, har gindin gamba. Ba ragi ba ƙari.”

Baffa ya miƙe yana dafa gwiwa. Ya juya fuskarsa wajen da ya ji muryar abokinsa, ya ce, “Fillo, ka yi haƙuri. Burtali yana nan yadda iyaye suka bar shi.”

Baffan Ruga ya dubi hanyar, ya dubi igiyar, ya daɗe yana kallon Baffa. Sannan ya ce, “Tun da kai ka faɗa, shi ke nan.” Maigari ya yanke cewa Baffan Ruga ya ba maƙwabcina karsana ɗaya. A nan take ya sa aka kamo ta, ja ce mai farin goshi, tana ta waiwayen uwarta.

Da muka koma gida bayan la'asar na so in rataye igiyar, sai ya ce in miƙo masa. Al'adarsa ce in an gama awo shi ke naɗe ta da kansa, daga babban yatsa zuwa gwiwar hannu, yana ƙirgawa ƙasa-ƙasa. Na manta da wannan al'ada, wallahi na manta. A hannunsa igiyar zagaye ashirin da huɗu take yi tun yana saurayi. Ina tsaye na ji ya kai ashirin da biyu, igiya ta ƙare.

Ya warware ta a kan buzu ya sake. Ashirin da biyu. Ya sake na uku, a hankali, yana danna kowane zagaye. Sannan ya ajiye ta a cinya.

“Ɗan nan.”

“Na'am, Baffa.”

Na ji kaji suna tono a tsakar gida, na ji Inna tana daka. Ban san tsawon lokacin da ya jira ba. A ƙarshe ya ce, “Kawo mini buta.”

Washegari da sassafe ya ce in riƙe masa sanda zuwa gidan maigari. Ya zube ya yi gaisuwa, ya ce, “Ranka ya daɗe, awon jiya ba daidai ba ne. Igiyar ta gaza gaba ɗaya. A mayar wa Bafulatani karsanarsa, a sake awo.”

Maigari ya ce, “Igiyar da ka zo da ita da kanka? Wa ya tufka ta?”

Ina tsugune a bayansa, ina kallon fason dugadugansa.

“Ni na tufka,” in ji Baffa. “Ido ba ya gani, na yanke ba daidai ba.”

Maƙwabcina yana wurin, an riga an ɗaure karsana a turkensa. Ya yi dariya ya ce, “Jiya ta kai, yau ta gaza, gobe kuma sai ta yi yawa. Tsoho ya ji tausayin abokin furarsa ne.” Sauran mutanen ma ba wanda ke son a sake awo, don a shekara biyun nan ba ni kaɗai ne gambata ta yi ƙafa ba. Maigari ya gyara rawani ya ce, “Tsoho, an riga an yanke magana. Ka yi wa garin nan aiki, je ka huta.”

Bai koma gida ba. Ya ce in kai shi ruga. Muka hau tudu rana tana dukanmu, yana tuntuɓe yana tashi. Baffan Ruga ya shimfiɗa masa tabarma, ya saurare shi har ƙarshe. Baffa ya ce saniyarsa da ke garken ya bar masa ita a madadin karsanar.

“Ba karsana ce ta yi mini ciwo ba, Kaɗo. Wa ya tufka igiyar?”

“Ni.”

Baffan Ruga ya dubi hannuwan Baffa da ke rawa a kan sanda. Sannan ya ɗago ya dube ni, kallo ɗaya, ya mayar da kai.

“Jiya kuskure ka yi, wannan ba komai, ɗan Adam ne kai. Yau kuwa ƙarya ka yi mini.”

Aka kawo fura, ba wanda ya sha. Bayan sati biyu wani yaronsa ya koro mana saniyar Baffa har ƙofar gida, ya ce sun tashi. Kudu suka yi da garken, inda ake cewa akwai ruwa. Daga baya muka ji a kasuwar Kademi cewa yawancin shanun sun mutu a hanya, shi ma bai yi shekara biyu a can ba ya rasu. Ranar da labarin ya zo Baffa ya ƙi cin tuwo.

Daga nan sai shekaru biyar ɗin da ba na son tunawa. Bai taɓa zagina ba. Bai taɓa yi mini habaici ba. A akushi ɗaya muka ci gaba da cin tuwo, naman ma bai daina matsowa gefena ba, wanda da ya daina da ya fi mini sauƙi. Abu ɗaya ne ya canja. Duk abin da aka kawo masa, kunun gyaɗa ne ko ƙuli-ƙuli ko tuwo, sai ya tambayi Inna, “Na wace gona ce?” In ta ce ta bakin burtali, sai ya ture kwanon a hankali ya ce ba ya jin yunwa. Har Inna ta ware masa rumbu daban. Ba ta taɓa tambayar dalili a gabana ba.

Mutane suka daina kawo masa rigimar iyaka. In ya yi magana a majalisa sai a ce “haka ne, tsoho”, a ci gaba da hira. Samari suka mayar da shi karin magana, in wani ya canja baki sai a ce ya yi awon Baffa. Yana ji. Mutumin da Fulani da manoma suka yarda da kalmarsa fiye da ta alƙali ya koma abin dariyar masu wasan dara. Burtali kuwa, da aka ga ba mai igiya, kowa ya sa baki ya gutsura, Fulanin da suka rage suka koma zagayawa ta wata hanya mai nisa. Keken na saya. Gyaɗar ta kamu da cuta ta daina yi, na sayar da keken na sayi hatsi.

Sau ɗaya na kusa. Wata rana da hantsi yana zaune yana ɓarar wake da lalube, na tsuguna kusa da shi na ce, “Baffa, akwai maganar da nake so in yi.” Ya ajiye kwandon. Ya juyo mini da fuskarsa gaba ɗaya, fararen idanun nan a buɗe, kuma na rantse na ga murna a fuskar. Sai na ji bakina yana cewa akuyar nan mai ciki ba ta cin abinci. Ya ce, “To. A ba ta kanwa.” Ya ja kwandonsa.

Kullum cewa nake sai bayan girbi, sai bayan salla, sai ya ɗan ji sauƙi. Na yi ta jiran ranar da maganar za ta yi sauƙi har aka sa shi a makara.

Ranar sadakar bakwai, bayan an raba gumba an shafa fatiha, aka ce Inna tana kirana. Na same ta a ɗakinta cikin takaba, ta rame, tasbaha a hannu. Ba ta dube ni ba. Ta jawo wani ƙullin tsumma daga ƙarƙashin gado ta tura mini.

Igiyar ce. A bakinta an ƙara wani guntu na sabuwar rama, tufkar duk ta karkace, nan kauri nan siriri, an haɗa su da wani ƙaton ƙulli mara kyan gani.

Inna ta ce, “Rani uku yana yin ta, in ka tafi kasuwa. Ya tufka ya warware, ya tufka ya warware, hannun ba ya riƙewa. Ni ke jiƙa masa ramar.”

Na ce, “Inna, ya ce wani abu?”

“Ya ce in ba ka in ya tafi. Na ce me zan ce maka. Ya ce ba sai an ce maka komai ba.” Ta ja tasbaha ƙwaya biyu. “Na ce masa ya faɗa wa mutane gaskiya tun yana da rai, ya huta da dariyarsu. Ya ce marayu biyu aka ba shi riƙo, ba zai yanka ɗaya don ɗaya ba.”

Na fito ƙofar gida da igiyar a hannu. Mutane sun fara naɗe tabarmi. Na roƙi maigari da liman da maƙwabcina da duk wanda ke wurin su biyo ni gona. Suka biyo ni suna kallon juna. Na ba maƙwabcin baki ɗaya ya danna a gindin gambarsa, na ja ɗaya bakin na tsallaka burtali. Igiyar ta wuce gambata, ta shiga cikin gerona, ta haye kunya ɗaya, ta haye ta biyu, ta tsaya. A nan tsaye, gero har ƙuguna, na faɗa musu komai, tun daga gamba har wuƙa har murhu.

Na zaci za a yi salati, ko a zage ni. Maigari ya yi hamma ya ce, “To, yanzu wa ya tambaye ka? Mai karsana ya mutu, mai igiya ya mutu.” Maƙwabcina ya saki bakin igiyar ya kakkaɓe hannu, don karsanar ta haifa masa uku. Liman ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Wani daga baya ya ce zafin rashi ne, a bar ni in huce. Suka juya suka tafi. Gwaggo ce kaɗai ta tsaya, tana dogara sanda. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Layin kuɓewa ɗaya ya tuge mini. Kai kunya biyu ya bar maka shekara biyar, da sunansa a kai.” Ta tofar da yawu ta bi bayansu.

Na tuge geron a ranar, kunya biyu daga kan gona har ƙarshe, matata tana tsaye tana kuka don saura wata guda ya nuna. Na tone gambar na mayar da ita gida.

Har yau a majalisa akwai masu cewa awon Baffa in mutum ya canja baki. Na gaji da gyara musu ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na rubuta, ko bayan ba ni wani jikansa zai karanta. Baffa bai ruɗe ba. Sau ɗaya ya yi ƙarya a rayuwarsa, a gaban maigari da gaban amininsa, kuma saboda ni ya yi ta. Allah ya jiƙansa, ya haɗa shi da Fillonsa a inda ba a rigimar hanya. Ni kuma wanda ya karanta ya roƙa mini gafara, don wanda ya kamata in roƙa ya ajiye kwando ya saurare ni, na yi masa zancen akuya.

Bana da shamuwa ta dawo na rataya igiyar na bi burtali daga tudu har tafki. Ba saniyar da ta bi ta nan tun bara. An yi mini dariya a gona huɗu, an zage ni a biyu, mutum ɗaya ya mayar da gambarsa. Da na dawo na zauna a zaure na naɗe ta daga babban yatsa zuwa gwiwar hannu. Ƙullin da ya yi ba ya kwanciya, duk zagayen ƙarshe sai ya goge mini tafin hannu. Na iya tufka, cikin yini ɗaya zan kwance shi in haɗa ta sumul. Na rataye ta a haka.